Bauchi Ta Taɓa Harhaɗa Manyan Motoci, Amma Aikin Ya Sake Salo

Duk wanda ya leƙa Kasuwar Muda Lawal ta Bauchi zai tarar da manyan motoci suna sauke doya da tumatir da albasa, akasarinsu tsofaffi ne da aka shigo da su daga ƙetare. Alhali kuwa a wannan gari ne kamfanin Steyr, na haɗin gwiwar Gwamnatin Tarayya da mutanen Austiriya, ya soma harhaɗa manyan motoci da taraktoci a 1979, watau shekara huɗu bayan Peugeot ta fara aiki a Kaduna. Ƙarancin kuɗin musaya a shekarun 1980 ya karya lagon masana'antun nan, domin yawancin kayan daga Turai ake kawo su.

Tun daga lokacin sana'ar ta sake salo. A manyan masana'antu yanzu, manhajar kwamfuta ce ke tsara jerin motocin da za a haɗa. Tana bin lambar kowace mota, mai haruffa da alƙaluma 17, ta sa inji da kujerun da suka dace su iso daidai lokacinta. Na'urar ɗaure noti kuma tana rubuta ƙarfin kowane ɗauri. Muddin noti guda na birki bai ɗauru sosai ba, layi zai tsaya har sai an gyara.

Saboda haka duk mai neman farfaɗo da masana'antar Bauchi, gini da ma'aikata ba za su ishe shi ba. Tilas ya tanadi wannan manhaja, da samarin da suka iya ta, da wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa, domin ran direba da fasinja ya rataya a kan wannan noti.