Hawan Duwatsun Makka Cikin Zafi: Ina Iyakar Ibada, Ina Farkon Ganganci?

Godiya ta tabbata ga Allah da ya sanya sauƙi a cikin addininsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata kalma da bakinmu ya saba da ita har ba ma tsayawa mu duba ta, wato “hawan Arfa”. Mukan ce gobe ake hawan Arfa, ko wane ya hau Arfa bara. Kalmar da littattafan fiƙihu suka sani kuwa ita ce wuƙufi, wato tsayuwa, abin nufi kasancewar alhaji a cikin filin Arfa a lokacin da shari'a ta ayyana, ko yana tsaye, ko yana zaune, ko yana kwance. Wannan ɗan bambanci ya sa wasu maniyyatanmu, musamman dattawa, suke barin gida da zaton cewa Hajji ba ya cika sai an taka ƙololuwar dutse. Daga nan zaton yakan faɗaɗa ya haɗa da kogon Hira da kogon Sauru, har a ga tsohon da masallacin unguwa ke yi wa nisa yana jan gwiwa a kan dutse da rana tsaka.

A Hajjin shekarar 2024, zafi ya kai digiri 51.8 a ma'aunin Salshiyas a Masallacin Harami, kuma Ministan Lafiya na Saudiyya ya sanar da rasuwar mahajjata 1,301. Ya ce kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin Hajji, sun yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana babu mafaka. Allah ya jiƙan su. In tafiya a miƙaƙƙiyar hanya ta yi wannan ɓarna, ina ga hawan dutse?

Duwatsu uku da matsayinsu

Na farko shi ne Jabalur Rahama, ɗan tsaunin da ke filin Arfa, wanda tsayinsa bai wuce kimanin mita 70 ba. A Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya tsaya ne wajen duwatsun da ke gindinsa, a kan taguwarsa, kuma ya sanar da sahabbai cewa duk filin Arfa wurin tsayuwa ne, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Jabir. Imamun Nawawi ya ambaci cewa Ɗabari da Mawardi sun so a tsaya a kan tsaunin, amma ya raunana wannan ra'ayi, ya bayyana cewa himmar da gama-garin mutane ke yi wa hawansa kuskure ce da ta saɓa wa sunna. A mazhabarmu ta Malikiyya, rukunin ma shi ne kasancewa a Arfa ko da ɗan lokaci ne bayan faɗuwar rana, zaman yini kuma wajibi ne. Wanda ya yini a cikin tantinsa yana addu'a, muddin tantin yana cikin iyakar Arfa, bai rasa komai ba.

Na biyu shi ne Jabalun Nur, a arewa maso gabashin Harami, mai tsayin kimanin mita 640. Kusa da ƙololuwarsa ne kogon Hira yake, inda Annabi (SAW) yake keɓewa kafin aike, inda kuma ayoyi biyar na farkon Suratul Alaƙ suka sauka wajen shekarar 610 Miladiyya. Hawansa yakan ci awa ɗaya zuwa biyu gwargwadon ƙarfin mutum, kogon kansa kuwa bai kai mita 4 ba a tsawo, saboda haka bayan wahalar hawa akwai dogon layi a kan dutse mai zafi.

Na uku shi ne Jabalu Saur, a kudancin Makka, inda Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar suka ɓuya kwana uku a lokacin Hijira a shekarar 622, labarin da aya ta 40 ta Suratut Tauba ta ambata. Hanyarsa ta fi ta Hira tsawo da wuya. Abin lura a labarin shi ne, a ruwayar Buhari daga Nana A'isha, da Annabi (SAW) ya zo gidan Abubakar da tsakar rana, nan take Abubakar ya gane cewa babban al'amari ne ya fito da shi, domin ba lokacin da ya saba zuwa ba ne. Tsananin larura ce ta fitar da su a irin wannan lokaci, kuma ita ta kai su kan dutsen.

Hawan waɗannan duwatsu a kan kansa halal ne. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya taɓa kasancewa a kan Hira tare da wasu manyan sahabbai. Sai dai bai sanya hawan ko ɗaya daga cikinsu a ayyukan Hajji ko Umara ba, alhali ya koyar da ayyukan ɗaya bayan ɗaya a gaban dubban mutane. Wanda ya hau don ganin tarihi da ɗaukar darasi yana cikin abin da aka halatta masa, matuƙar bai cutar da kansa ba. Wanda bai hau ba, Hajjinsa cikakke ne.

Gudun da shari'a ta nema

A cikin ayyukan Hajji akwai gudu, akwai kuma taka tudu, amma mu dubi yadda aka auna su. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa zango bakwai ne, jimillarsa kimanin kilomita 3. Asalinsa kai-kawon Nana Hajara ne tana neman ruwa ga jaririnta Isma'ila, kuma a cikin kwarin kaɗai ta yi gudu. Shi ya sa sassarfa ta taƙaita a tsakanin korayen fitilu biyu, ga maza kawai.

Sassarfar ɗawafi ma haka take. A Umarar shekara ta 7 bayan Hijira, mushrikai sun ce zazzaɓin Madina ya raunana Musulmi, sai Annabi (SAW) ya umarci sahabbai su yi sassarfa a zagaye uku na farko. Ibnu Abbas ya bayyana cewa tausayinsu ne ya hana shi umartarsu da yin ta a dukkan zagayen. Ko a ranar da ake son nuna wa abokan gaba ƙarfi, an yi la'akari da iyakar jikin ɗan Adam.

Misalai irin wannan suna da yawa. An yi umarni da jinkirta sallar Azahar idan zafi ya tsananta. Wani mutum mai suna Abu Isra'ila ya yi bakancen tsayuwa a rana ba zama, ba inuwa, ba magana, yana azumi, sai aka umarce shi ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa kawai. Wani tsoho ya yi bakancen tafiya a ƙasa har 'ya'yansa biyu na tallabe da shi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya hau abin hawa, ya nuna cewa Allah ba ya bukatar ya azabtar da kansa. A ranar Arfa an kafa wa Annabi (SAW) tanti a Namira, kuma ya sha madarar da Ummul Fadli ta aiko masa a idon jama'a don a san ba ya azumi.

Game da lema, Ummul Husaini ta ga Usama da Bilal, ɗaya na riƙe da ragamar taguwarsa, ɗaya na yi masa inuwa da tufafi har ya jefi Jamratul Aƙaba. An ruwaito daga Imamu Malik hana mai harama yin inuwa a kan abin hawa, tare da fidiya ga wanda ya yi, amma mafi yawan malamai sun halatta saboda wannan hadisi, kuma babu saɓani a kan inuwar tanti ko rufi. Ko a ra'ayi mai tsauri, fidiya ta fi asarar rai sauƙi nesa ba kusa ba.

Abin da zafi ke yi wa mai hawa

Jikin mutum yana aiki ne a kusan digiri 37. Idan yana hawan tudu, mafi yawan ƙarfin da tsokoki ke ƙonawa zafi yake zama a cikin jiki. Babbar hanyar fitar da wannan zafi ita ce gumi, kuma gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe a kan fata. Idan iska ta cika da danshi, sai gumin ya riƙa tsiyaya ba tare da ya bushe ba: ruwa da gishirin jiki suna fita, zafi kuma yana nan. Kowa ya san yadda ake ji idan hadari ya haɗu bai zubar ba, iska ta tsaya cik, riga ta manne a baya. Irin wannan iska ce alhaji ke tararwa a Jidda da ke bakin Bahar Maliya, kuma a wasu lokuta danshin yakan kai har Makka. Ita Makka kwari ce da duwatsu suka kewaye, suna shan rana yini guda, suna amayar da zafin har cikin dare.

Mai aikin ƙarfi a irin wannan yanayi yana iya zubar da lita ɗaya ko fiye ta gumi a awa guda. Jini yakan ragu, zuciya ta ƙara bugu don ta ciyar da tsokoki ta kuma kai jini fata. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ɗaurewar tsoka, da fitsari kaɗan mai duhu. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa takan taɓu: mutum ya rikice, ya riƙa sambatu ko tangaɗi, ko ya faɗi sumamme. Wannan shi ne bugun zafi, kuma yana iya lalata ƙoda da hanta ko ya yi kisa cikin ɗan lokaci. Dattawa, da masu ciwon suga, da masu hawan jini ko ciwon zuciya, da masu shan maganin da ke sa yawan fitsari, sun fi kowa shiga haɗari.

Hujjoji biyu da muke yawan ji

Ta farko ita ce, “Ai mu 'yan rana ne.” Gaskiya ne mutumin Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ya san digiri 40 da ɗoriya a watan Afrilu. Amma mu tuna yadda muke yi da wannan rana a gida: manomi yakan yi sammako ya tashi kafin ta take, ɗan kasuwa ya shige rumfa, dattijo ya nemi gindin darbejiya. Ba mu taɓa ganin mai hankali ya hau Dala ko Kufena da ƙarfe ɗaya na rana a cikin bazara ba, balle a ce bayan gajiyar jirgi, da ƙarancin barci, da sauyin abinci, da murar da ke yawo tsakanin alhazai.

Ta biyu ta fi nauyi: “In na mutu a can ai na dace.” Mutumin da taguwarsa ta kayar da shi a Arfa, wanda aka yi bushara da cewa za a tashe shi yana talbiyya, ajali ne ya riske shi yana kan aikin da aka umarce shi, bai je neman mutuwa ba. Aya ta 195 ta Suratul Baƙara ta hana jefa kai cikin halaka, aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana kashe kai. Da wannan ta biyun Amru ɗan Asi ya kafa hujja lokacin da ya yi taimama a dare mai tsananin sanyi don tsoron halaka, Annabi (SAW) kuma bai yi masa inkari ba. Kiyaye rai yana cikin larurori biyar da Gazali da Shaɗibi suka bayyana cewa shari'a ta zo don tsare su. Sannan akwai wata asarar: mutum ya shekara goma yana tara kuɗin kujera, ya sayar da gona ko shanu, sai ya hau Hira ana saura kwana uku Arfa, ranar tsayuwa ta same shi a gadon asibiti. Ya saka farilla cikin haɗari saboda abin da ko mustahabbi bai kai ba, ga iyali a gida suna jiran dawowarsa.

Ga mai lafiya da ya yi niyyar hawa

Matashi mai ƙarfi da ke son ganin Hira ya bari sai ya kammala ayyukan Hajjinsa, ko ya yi a Umarar lokacin sanyi. Ya fara shiri tun daga gida da tafiyar ƙafa da hawan tudu, domin jiki yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aikin ƙarfi cikin zafi. Ya tashi bayan sallar Asuba don ya sauko kafin hantsi ya dubi ludayi. Kada ya hau yana azumi, kada ya hau shi kaɗai. Ya ɗauki isasshen ruwa da haɗin gishiri da sukari, ya riƙa kurɓa a kai a kai tun kafin ƙishi ya kama shi, ya sa takalmi mai riƙe ƙafa da tufafi marasa nauyi. Ya riƙa hutawa a hanya, sannu ba ta hana zuwa. Ya kuma rage ƙarfin saukowa, domin gwiwar da ta gaji ita ke zamewa. Da zarar ya ji jiri ko tashin zuciya, ya juya ko da kogon yana gabansa.

In abokin tafiya ya rikice ko ya faɗi, a kai shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a zuba masa ruwan sanyi a jiki ana yi masa fifita, a kira motar agaji a lamba 997 ko 911. Kada a ɗura wa sumamme ruwa a baki. Wanda kuma jikinsa ba zai ɗauka ba, a gindin Jabalun Nur akwai cibiyar baje kolin tarihin wahayi, ya isa ya tsaya can ya ɗaga kai ya dubi dutsen ya yi tunani.

A Hajjin 2025 hukumomin Saudiyya sun nemi alhazai su zauna a tantunansu daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma a ranar Arfa. Bin irin wannan umarni ɗa'a ce ga shugabanni a cikin abin da yake maslaha. Kalandar Musulunci tana matsowa da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, Hajji zai bar tsakiyar bazara sannu a hankali, amma Makka ba ta rabo da zafi, kuma masu Umara suna zuwa a kusan kowane wata.

Muna kira ga malaman bita a jihohinmu da hukumomin alhazai a Najeriya da Nijar su faɗa wa maniyyata ƙarara cewa Arfa tsayuwa ce, su ware zama guda don bayanin zafi da alamunsa. 'Ya'yan da ke biya wa iyaye kujera su ma su zaunar da su su yi musu wannan bayani cikin ladabi kafin ranar tashi.

Allah ya kai alhazanmu lafiya, ya karɓi ibadarsu, ya dawo mana da su lafiya. Amin.