Sauya Shugaba Kaɗai Ba Ya Ɗaga Hannun Jari: Darasi Daga Novo Nordisk

A shekarar 2023, kamfanin magunguna na Novo Nordisk da ke ƙasar Denmark ya zama mafi daraja a kasuwannin hannun jari na Turai. Allurai biyu ne suka kai shi can: Ozempic ta masu ciwon suga, da Wegovy ta rage ƙiba. Amma daga tsakiyar 2024 farashin hannun jarinsa ya yi ta zubewa, har ya rasa fiye da rabin darajarsa cikin shekara guda.

Kishiyarsa Eli Lilly ta Amurka ta fito da Mounjaro da Zepbound, ta riƙa kwashe masa masu saye. Wasu ɗakunan haɗa magani a Amurka kuma suna sayar da kwaikwayon allurarsa da araha. Sannan a Disambar 2024, gwajin sabon maganinsa CagriSema ya nuna rage nauyin jiki da kusan kashi 23 cikin ɗari, alhali an sa rai da 25. Wannan ɗan giɓin ya sa farashin ya faɗi da kusan kashi 20 a rana ɗaya.

A Mayun 2025 aka sanar cewa Lars Fruergaard Jørgensen, wanda ke shugabanci tun 2017, zai sauka. Masu zuba jari suka rabu biyu. Wasu na son a ɗauko baƙo wanda ya ƙware a kasuwar Amurka, domin nan ne ribar take. Wasu na ganin ɗan gida ya fi sanin inda rufin ke yoyo. Ranar 29 ga Yuli aka naɗa ɗan gidan, Mike Doustdar, wanda ke aiki a kamfanin tun 1992. A ranar ce kuma kamfanin ya rage hasashen cinikinsa na shekara, sai farashin ya sake faɗuwa da fiye da kashi 20. Masu kuɗi ba su tsaya kallon sabon shugaba ba, lissafi suka duba.

A Satumba, Doustdar ya sanar da sallamar ma'aikata 9,000. A Oktoba kuma, shugaban hukumar daraktoci Helge Lund ya ce zai sauka bayan saɓani da Gidauniyar Novo Nordisk, wadda ke riƙe da mafi rinjayen ƙuri'u. Nan ƙananan masu hannun jari suka ga wanda ke da wuƙa da nama.

Saboda haka, kafin ka sa kuɗinka a kamfanin magani don ka ji an yi sabon shugaba, yi tambaya uku. Waɗanne magunguna ke hanya, kuma me gwajinsu ya nuna? Yaushe haƙƙin mallakar waɗanda ke kasuwa zai ƙare? Wa ke da ƙuri'ar yanke hukunci? Idan ba ka da amsarsu, riƙe kuɗinka tukuna.