Baƙin Yashin Fadama Ba Kwalambayit Ba Ne

Akwai wata magana da ke yawo a wayoyin mutane tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, wai baƙin yashin nan da ruwa kan tara a bakin Gulbin Rima shi ne kwalambayit, wai a cikinsa ake samun niyobiyam, ƙarfen da wuta ba ta ci, wanda da shi ake ƙera jirgin sama. Har masu yaɗa ta suna cewa buhu guda ya fi shinkafar shekara kuɗi. Na gaji da jin wannan zance a majalisa, musamman daga bakin mutanen da suka yi boko, waɗanda ya kamata a ce su ke kwaɓar na ƙasa da su.

Niyobiyam dai ƙarfe ne, wani Bature ɗan Ingila mai suna Charles Hatchett ya gano shi a 1801, kwalambayit kuwa ɗaya ne daga duwatsun da ake fitar da shi. Wannan ba a musu. Inda ƙaryar take shi ne cewa wuta ba ta cinsa.

Gaskiya ne sai zafi ya kai digiri 2,477 kafin niyobiyam ya narke. Amma narkewa daban, cin iska daban. In aka gasa zallan niyobiyam a fili, tun kafin zafi ya kai digiri 600 iskar oksijin za ta far masa, ya yi wani farin ɓawo mai ɓarɓashi da ba ya kare komai, ya dinga zubewa har ƙarfen ya lalace. Shi ya sa bututun rokar Apollo da Amurka ta yi da gaurayen niyobiyam sai da aka shafe shi da wani abin kariya kafin ya yi aiki. To ina maganar wuta ba ta ci?

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka ba shi daraja a harkar jirgin sama ya fi wannan ban mamaki. Taitaniyam, wanda ake yawan amfani da shi a injin jirgi saboda rashin nauyi da ƙarfi, yana da nasa rauni. A zafin ɗaki ba ya tsatsa, domin wani siririn ɓawo kan rufe fuskarsa. Da zafi ya haura kamar digiri 600 sai labari ya sauya: ɓawon ya yi kauri, ya tsattsage, oksijin ya ratsa ta ƙananan gurabun da ke cikinsa ya shige jikin ƙarfen, fatar ƙarfen ta yi tauri irin na gautsi, tsaga ta fara daga nan. A cikin injin da ke juyawa sau dubbai a minti guda, tsaga ɗaya ta isa ta jawo asarar rayuka.

Sai masana suka lura cewa in aka zuba niyobiyam kaɗan a cikin taitaniyam, ƙwayoyinsa kan zauna a mazaunin wasu ƙwayoyin taitaniyam a cikin ɓawon, su rage yawan gurabun da oksijin ke bi. Hanya ta toshe, cin ƙarfen ya ragu. In gaurayen na da alminiyam, niyobiyam kan taimaka wajen samar da ɓawon alminiyam, wanda ya fi kowanne kariya. Ga abin da masu jita-jita ba sa faɗa: in aka zuba ya yi yawa, sai ya fara yin nasa ɓawon maras amfani, kariyar ta koma baya. Lamarin kamar kanwa ne a miyar kuka, ɗan ƙanƙani ya gyara, in hannu ya zarce a zubar da tukunyar.

Dubi yawan da ake sawa. Gaurayen IMI 834 da aka ƙirƙira a Ingila don sassan inji masu zafi, niyobiyam ɗin cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Fuka-fukan bayan injin GEnx na jirgin Boeing 787, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2011, an yi su da gaurayen taitaniyam da alminiyam, niyobiyam kashi 2 kacal cikin 100 na ƙwayoyinsa. Mafi yawan niyobiyam na duniya ma ba jirgi yake zuwa ba, ƙarfen bututun mai da na motoci da gadoji yake shiga. Kuɗin yana wajen wanda ya san awon da kuma masana'antar da ke iya narkawa ba tare da iska ta shiga ba. Alhazanmu da ke tashi daga filin jirgin Ambursa suna cin moriyar wannan ilimi, ba moriyar wani yashi mai asiri ba.

Sannan ƙasar ma ba ta goyi bayan zancen ba. Kwalambayit na Najeriya yana tare da kuza a duwatsun Jos da Riruwai ta Jihar Kano, da wasu wurare irin Nasarawa. Zauro da Argungu da Birnin Kebbi kuwa suna kan ƙasar laka da yashi da ruwa ya shimfiɗa tun zamanin da, ba irin waɗancan duwatsu ba. Baƙin yashin bakin gulbi galibi ɓarɓashin tama ne da danginsa, masu araha. Ko Jos ɗin, da ta yi fice a duniya wajen kwalambayit a shekarun 1950, kasuwarta ta faɗi bayan an gano babban ma'adani a Araxá ta Barazil, ƙasar da yanzu ke samar da kusan kashi 90 cikin 100 na niyobiyam na duniya. Abin da aka bar wa mutanen Filato shi ne kududdufai masu cin yara da dabbobi. Talauci da rashin aikin yi na cikin abin da ke sa a yarda da irin zancen baƙin yashin nan, na sani.

Don Allah, jama'a, kada wanda ya haƙe gonarsa ta fadama saboda saƙon murya. Ƙasar saman da ke ba da shinkafa in ta juye, shekaru ake yi ba ta dawo ba, ramin kuma ya zama gidan sauro da tarkon shanu da damina. In ka tsinci yashi ko dutsen da ya ɗaure maka kai, fara kanga masa mayen ƙarfe. In ya manne da ƙarfi, tama ce, ka huta. In ka nace, kai samfur ofishin Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya, wadda ke da ɗakin gwaji a Kaduna, ko Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa da ke Jos. Kada ka ba dillali kuɗin gwaji ko kuɗin rajista, kuma ka yi hattara da wanda zai saya maka kwano ɗaya da tsada don gobe ya sayar maka da injin tacewa. Dokar ma'adinai ta 2007 ta sa duk ma'adani a hannun Gwamnatin Tarayya, haƙa ba lasisi laifi ne ko da a gonar gado. Kuma kada a kai dutse cikin gida a daka shi a turmin abinci, ko a gasa shi da sinadari kusa da yara. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, nan maƙwabciyarmu Zamfara. Ragowar yashin kuza na Jos ma yana ɗauke da sinadarai masu fitar da tururin nukiliya, don haka ko an kawo maka shi kyauta kada ka yi yaɓe da shi, kada ka ajiye shi a ɗakin kwana. Limamai da masu unguwanni su riƙa faɗar wannan bayan sallah da wajen taron suna, domin a can ake jin magana fiye da a jarida.