Na'urar Juya Ƙwai: Wacce Ya Kamata Ka Saya?

Kaza mai kwanci takan juya ƙwanta sau da yawa a rana. Idan ba a juya ƙwai ba, ɗan tsako yakan manne a jikin ɓawo ya mutu. Don haka mai akwatin ƙyanƙyasa dole ne ya juya ƙwai aƙalla sau 3 a rana, har kwana 18. A kwana na 21 sai su fashe.

Manomi ba ya zama gida kullum. Shi ya sa wasu ke sa na'urar lantarki mai tura farantin ƙwai gaba, ta dawo da shi baya. Irin wannan na'ura kashi uku ce. Ga bambancinsu.

Ta farko ita ce solanoyid. Waya ce aka naɗa ta kewaye wani ɗan ƙarfe. Da wuta ta shiga, wayar sai ta zama mayen ƙarfe, ta fizgo shi. Akwai irinta a jikin kik na mota. Ita ce ke yin "ƙas" idan an murɗa makulli. Tana da araha, amma tafiyarta gajeriya ce, kuma da fizga take yi. In an bar ta da wuta, takan yi zafi. Ta dace da sakatar ƙofa. Ba ta dace da ƙwai ba, don fizga tana ɓata su.

Ta biyu moto ne mai juya dogon ƙarfe mai murɗi, kamar jak na ɗaga mota. Tana tafiya a hankali, ga ƙarfi. Ko an ɗauke wuta, faranti yana nan inda ya tsaya. Amma ta fi tsada. Kuma tana bukatar makunni a kowane ƙarshe don ta tsaya. Ita ce ta babban akwati mai ƙwai da yawa.

Ta uku moto ne mai hannu, kamar keken ɗinki: ƙafar keke na juyawa, allura na hawa da sauka. Moto yana juyawa gefe ɗaya, hannun yana kai faranti yana dawo da shi. Gyaranta ba wuya. Sai dai a nemi moto mai juyawa a hankali ƙwarai. Ita ce ta ƙaramin akwati.

Kafin ka biya kuɗi, tambayi mai sayarwa abu uku. Nauyin ƙwai nawa za ta iya turawa? Da wace wuta take aiki, ta gari ko batir? Akwai kayan gyaranta a kasuwa mafi kusa? In wutar gari ba ta zama a garinku, zaɓi mai aiki da batirin mota ko na sola.

In ka kawo ta gida, gwada ta kwana guda da duwatsu a faranti kafin ka zuba ƙwai. Allah ya ba da sa'a.