Idan takarda ta ɓace a iyakar Bagudo da Benin: Wadda ake dawo da ita da wadda ta tafi ke nan

Daga Tsamiya a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi zuwa Segbana a Jamhuriyar Benin ba wata doguwar tafiya ba ce. Haka ma daga Lolo zuwa babbar kasuwar Malanville, inda fataken albasa da hatsi da kifi daga ƙasashe uku ke haɗuwa. Mutanen yankin suna tsallakawa biki da jana'iza da cin kasuwa, galibinsu ba tare da an nemi su nuna komai ba, saboda an san fuskokinsu, an san gidajensu.

Amma baƙon da ya taso daga Jega ko Sakkwato ko Kano, da direban da ya ɗauko kaya, da mai niyyar wucewa Kandi ko Parakou ko Kwatano, su takarda ce shaidarsu. Ita kuwa takarda ba ta da wuyar salwanta a wannan hanya. Ruwan sama ya jiƙe ta a aljihu, ko ta faɗa Kogin Neja daga kwale-kwale, ko ɓarawo ya yanke jakar da take ciki a cunkoson kasuwa.

Abin da ke biyo baya ya danganta da tambaya ɗaya: shin bayan takardar da ke hannun mutum, akwai wani wuri da aka rubuta sunansa?

Abin da doka ta ce a riƙe

Iyakar kanta ba ta kai dangantakar da ta raba tsufa ba. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ce ta raba ƙasar Borgu gida biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Bussa da Illo suka zauna a hannun Ingila. Shi ya sa har gobe ake samun Dandawa da Kyangawa da Fulani da Hausawa masu dangi a ɓangarorin biyu.

Yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙungiyar ECOWAS, wadda aka sa wa hannu a Dakar a 1979, ta bai wa ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Sai dai ta gindaya sharaɗi biyu da mutane ke yawan mantawa: ingantacciyar takardar tafiya, da shaidar allurar rigakafi.

Takardar tafiya ita ce fasfo, ko kuma ɗan littafin nan na ECOWAS da aka ɓullo da shi a 1985, wanda Hukumar Shige da Fice ta Najeriya ta daɗe tana bayarwa na tsawon shekara biyu. Shaidar rigakafi kuwa ita ce katin shawara mai launin ɗorawa. Mai mota yana da ƙari, wato takardun motar da katin inshorar ECOWAS, wanda aka kafa tsarinsa a Kwatano a 1982.

Darasi daga tsaunukan Peru

Don a gane bambancin da ke tsakanin waɗannan takardu idan sun ɓace, yana da kyau a leƙa wani wuri mai nisa da Bagudo, inda akan samu masu ɓatar da takardar shiga.

Machu Picchu tsohon gari ne na duwatsu da daular Inka ta gina a ƙarni na 15 a kan tsaunukan ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka, a tsayin kimanin mita 2,430. Duniya ta san da shi sosai bayan Ba'amurke Hiram Bingham ya isa wurin a 1911, kuma Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1983. Saboda gudun kada ƙafafun jama'a su cinye wurin, gwamnatin Peru ta ƙayyade yawan masu shiga. A tsarin 2024, mutum 4,500 ne a rana, sai a lokacin cunkoso a ɗaga zuwa 5,600. A lokacin da baƙi suka fi yawa, tikiti kan ƙare tun makonni kafin ranar.

Ke nan wanda ya biya kuɗin jirgin sama da na jirgin ƙasa, ya iso gindin dutsen ya laluba aljihu bai ji tikiti ba, ya ga tashin hankali. Ba a mayar da kuɗi, ba a sauya rana yadda aka ga dama, kuma ba lallai ne ya samu wani ba.

Duk da haka, yawancin irin waɗannan baƙi suna shiga. Dalili shi ne tikitin ba takarda ce kawai ba. Ana sayar da shi ne da sunan mutum da lambar fasfonsa da rana da sa'ar da zai shiga, kuma duk wannan yana rubuce a rumbun bayanan Ma'aikatar Al'adu ta ƙasar. Wanda ya ɓatar da nasa zai iya sake sauke shi daga imel ɗinsa, ko ya nemi kamfanin da ya saya masa ya turo masa, ko ya je ofishin ma'aikatar a birnin Kusko ko garin Aguas Calientes da fasfonsa. Wanda ya tsinci tikitin kuwa bai tsinci komai ba, domin a ƙofa sai an haɗa sunan da ke jikinsa da fasfo.

Wanda ya shiga uku da gaske a can shi ne wanda fasfon ne ya ɓace, ba tikitin ba, tunda fasfon ne igiyar da ta ɗaure shi da abin da ke cikin kwamfuta.

Wannan ma'auni ya yi daidai da iyakar Bagudo, sai dai a nan takardun ba su zo ɗaya ba. Wasu suna da uwa a rumbu, wasu marayu ne.

Masu uwa a rumbu

Mafi sauƙi ita ce takardar lambar zama ɗan ƙasa, wato NIN. Lambar ba ta ɓacewa ko da takardar ta ƙone. Wanda ya manta ta zai iya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi, sannan ya je ofishin Hukumar NIMC a sake buga masa. Tarkon da ke ciki shi ne sharaɗin layin. Ɓarawon kasuwa ba ya zaɓar takarda ya bar waya, tare yake kwashewa. Kuma dawo da layin da ya ɓata shi ma sai da lambar NIN ɗin. Mutumin da bai rubuta lambobin nan 11 a wani wuri a gida ba, sai ya yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Ya kamata a sani cewa takardar NIN shaida ce ta wane ne mutum, amma ba ita ce takardar tafiya da yarjejeniyar 1979 ke nufi ba. Tana iya taimakon wanda ke ƙoƙarin komowa gida ya gamsar da jami'i cewa shi ɗan Najeriya ne. Ba za ta kai shi Kwatano lami lafiya ba.

Fasfo ma yana da uwa, tunda hoton mai shi da zanen yatsunsa suna wurin Hukumar Shige da Fice. Amma hanyar dawo da shi doguwa ce, kuma da gangan aka tsawaita ta, saboda fasfon da ya faɗa hannun ɓata-gari abin tsoro ne. Sai an kai rahoto ga 'yan sanda an karɓi takardar shaida, an yi rantsuwa a kotu, sannan a nemi sabo a biya kuɗi. Ga mutumin Bagudo, wannan na nufin zirga-zirga zuwa Birnin Kebbi, ba sau ɗaya ba.

Idan a cikin Benin ya ɓace, abin ya fi nauyi. Rahoton farko a ofishin 'yan sandan can za a kai, da Faransanci za a rubuta, kuma ofishin jakadancin Najeriya da ke ba da takardar tafiya ta gaggawa yana Kwatano, fiye da kilomita 700 daga Malanville. Wato mutumin da ke iya hango ƙasarsu daga inda yake tsaye, ƙa'ida ta ce ya ba ta baya ya nufi bakin teku, ba tare da takarda ba, ta cikin shingayen da za a tambaye shi takardar. Ba abin mamaki ba ne da yawa suke zaɓar su hau babur su bi ta daji, ko su shiga kwale-kwale.

Wannan zaɓi yana da nasa farashi. Wanda ya dawo ta ɓarauniyar hanya bai kai rahoto ko'ina ba, fasfonsa yana nan da rai a hannun wanda ya tsince shi. Ga kuma halin tsaro a dazuzzukan arewacin Benin, musamman kewayen gandun dajin W, inda hare-haren masu ɗauke da makamai suka ƙaru a 'yan shekarun nan, abin da ya sa jami'an ɓangarorin biyu ba sa yi wa baƙon fuska marar takarda kallon da suke yi masa a da.

Katin shawara, mai fuska biyu

Katin rigakafin shawara ya fi kowacce takarda nuna bambancin nan, domin iri biyu ne a hannun jama'a. Tsohon kati da hannu ake cike shi a buga hatimi, kuma an daɗe ana sayar da na jabu a tashoshi ga waɗanda allura ba ta taɓa jikinsu ba. Sabon da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta maye gurbinsa da shi a 2019 ana yi masa rajista ta intanet, yana ɗauke da lambar da ake dubawa da waya. Wanda ya ɓatar da sabon yana da inda zai nufa, wato jami'an lafiya na kan iyaka da filayen jiragen sama, inda bayanansa suke. Wanda ya ɓatar da tsohon, ko wanda dama saya ya yi, ba shi da abin nunawa.

Tun daga watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa allurar shawara ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Amma jiki ba ya magana a shingen bincike. Idan babu shaidar cewa an taɓa yi, sai a sake, kuma shaidar allurar farko ba ta fara aiki sai bayan kwana 10. Kwana 10 ba komai ba ne ga mai zuwa ziyara. Ga wanda ya loda albasa ko ɗanyen kifi, asara ce tsagwaronta. A nan ne ake samun cinikin da kowa ya sani a hanyoyin Afirka ta Yamma, inda rashin kati ke zama kuɗin goro a kowane shinge, har abin da mutum zai kashe ya ninka kuɗin katin gaskiya.

Benin ta yi nata yunƙurin ta wannan fuska. Rajistar jama'a da ta gudanar daga ƙarshen 2017 zuwa 2018 ta bai wa 'yan ƙasar lambar shaida ta dindindin a ƙarƙashin hukumar ANIP, kuma ana iya sake neman takardu da dama ta intanet da wannan lamba. ECOWAS ma tun 2014 ta amince da katin shaida mai ɗauke da zanen yatsu da zai maye gurbin ɗan littafin 1985, Senegal ta fara bayar da shi a 2016. Tafiyar dai ta hawainiya ce, kuma kati mai kwakwalwa ba ya da amfani a shingen da babu na'urar karanta shi ko babu sabis.

Marayun takardu

Akwai kuma takardun da ba su da kwafi a ko'ina sai wanda ke aljihu: rasiɗin da aka rubuta da biro a kasuwar dabbobi, tikitin ƙungiyar direbobi, 'yar takardar da dillali ya rubuta yawan buhunan da aka loda da sunan mai su, shaidar biyan kuɗin fito. Kuɗin kowacce ba shi da yawa, amma abin da take karewa yana da yawa. Mai shanun da ya ɓatar da rasiɗin saye a yankin da satar shanu ta yi ƙamari, ba batun tara yake fuskanta ba, zargin sata ne.

Makiyaya sun ga wani salon na daban. ECOWAS ta samar musu da takardar ƙetare iyaka da dabbobi a 1998, mai nuna yawan garke da rigakafin da aka yi masa da hanyar da zai bi. A ƙarshen 2019 Benin ta hana shigowar garken ƙetare, a shekarar da Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu a watan Agusta. Takardar tana hannu, ba ta jiƙe ba, ba a sace ta ba, amma ƙofar da take buɗewa an toshe ta.

Ga marayun takardu, abin da ke maye gurbin rumbun kwamfuta shi ne mutane. Sarkin kasuwa ko sarkin tike da aka yi cinikin a gabansa, dillalin da ya karɓi la'ada, shugaban tasha da ya ga an loda kayan, mai masaukin da baƙon ya sauka a gidansa. Su ne ake kira a waya, ko a aika yaro da babur ya ɗauko su, su zo su ce sun san shi. Wannan tsohon tsari ne da ya girmi iyakar, kuma yana aiki matuƙar cinikin a gaban shaidu aka yi shi.

Shi ya sa fataken da suka daɗe a hanyar ba sa haɗa takardunsu wuri ɗaya. Na asali a cikin leda a ɗaure a jiki, kwafi a cikin kaya, wani kwafin a gida wurin iyali. Masu babbar waya suna ɗaukar hoton kowacce, har da rasiɗin biro, su tura wa ɗan'uwa ta WhatsApp kafin su bar kasuwa. Hoto ba ya zama fasfo, kuma jami'i yana da ikon ya ƙi karɓarsa. Amma yana ɗauke da lambar takardar da ranar da aka bayar da ita, waɗanda su ne farkon abin da ɗan sanda zai tambaya idan an zo rubuta rahoto, a Segbana ne ko a Bagudo.