Neman Digiri na Biyu a Fannin Akanta: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin Sayen Fom

Kowace shekara jami'o'in Nijeriya, ciki har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Bayero a Kano, da ta Legas, kan buɗe ƙofar neman digiri na biyu a fannin akanta. Da yawa daga cikin masu nema ma'aikatan kamfanoni ne da 'ya'yan 'yan kasuwa, waɗanda iyayensu ko iyayen gidansu ke ɗaukar nauyin karatun.

Sharuɗɗan shiga kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Ana bukatar digiri na farko a akanta, akasari da sakamako mai daraja ta biyu, da kiredit biyar na sakandare da suka haɗa da Turanci da lissafi, da kuma takardar kammala yi wa ƙasa hidima ko ta yafewa. Wanda ke da babbar difloma ta kwalejin kimiyya da fasaha, ko digiri a wani fanni daban, galibi sai ya fara yin difloma ta gaba da digiri kafin a karɓe shi.

Inda aka fi samun cikas shi ne cikakkiyar takardar sakamakon darussa, wadda tsohuwar makarantar mai nema ke aikawa kai tsaye. Fitowarta kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, don haka masu dabara kan nema tun kafin a fara sayar da fom.

Sai dai akwai abin da ya fi wannan muhimmanci ga mai biyan kuɗi. Digiri na biyu ya ƙunshi darussa da rubuta kundin bincike, kuma hanya ce ta koyarwa a jami'a ko zarcewa zuwa digirin dakta. Shi kaɗai ba ya ba mutum izinin binciken littattafan kuɗin kamfani ya sa musu hannu. Wannan izini yana hannun ƙungiyoyin ƙwararru biyu: ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, da ANAN, wadda aka kafa a 1979 ta kuma samu amincewar doka a 1993, mai kwalejin horarwa a Kwall kusa da Jos. Tun daga 2011 kuma akwai Majalisar Kula da Rahoton Kuɗi ta Nijeriya da ke rajistar masu sa hannu a irin waɗannan rahotanni.

Saboda haka, ɗan kasuwan da ke son akantan da zai shirya masa lissafin da banki da hukumar haraji za su karɓa, jarrabawar ƙwararru ce ta fi dacewa ya zuba kuɗinsa a kai. Wanda kuwa ɗansa ke sha'awar koyarwa ko bincike, digiri na biyu ne hanyarsa. Tantance wannan kafin biyan kuɗin fom kan hana asarar shekara biyu da kuɗi masu yawa.