Da Gaske Fim Ɗin The Lone Gunmen Ya Hango Harin 11 Ga Satumba?

Duk shekara idan Satumba ta zagayo, akan ga guntun bidiyon wani tsohon fim ɗin Amurka yana yawo a intanet: jirgin sama cike da fasinjoji ya nufi Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a New York. Masu tura shi sukan ce ga hujja nan, an san da harin tun kafin a kai shi. Bidiyon na gaske ne. To amma yana tabbatar da abin da ake cewa?

Asalin labarin daga The X-Files ne, shiri mai dogon zango da Chris Carter ya ƙirƙira, aka fara haska shi a tashar Fox a 1993. Jami'an FBI biyu, Mulder da Scully, suna binciken abubuwan al'ajabi da sirrin da gwamnati ke ɓoyewa. A gefensu akwai wasu abokai uku, Byers da Frohike da Langly, gwanayen kwamfuta masu buga 'yar jaridar tona asirin hukuma. Sun fara fitowa a 1994, masu kallo suka so su, har aka ware musu nasu shirin, The Lone Gunmen, mai kashi 13 kacal.

Kashin farko an haska shi ranar 4 ga Maris, 2001. A ciki, wasu 'yan tsiraru a gwamnatin Amurka sun ƙwace sarrafa jirgin fasinja ta kwamfuta don su buga shi a benen, a ɗora wa 'yan ta'adda laifi, kasuwar makamai ta buɗe. Jaruman suka ceci jirgin da ƙyar. Bayan wata shida aka kai harin gaske.

Abu na farko da ya kamata mu sani shi ne, tunanin ba sabo ba ne. A 1945 jirgin sojan Amurka ya faɗa wa benen Empire State cikin hazo. A 1993 an dasa bam a ƙarƙashin ita wannan cibiyar kasuwancin. A 1994 marubuci Tom Clancy ya fitar da littafin da aka faɗa wa ginin majalisar Amurka da jirgi a cikinsa. Wato marubucin da ke neman labari mai tayar da hankali a 2001 ba ya buƙatar bayanan sirri, jarida ta ishe shi.

Na biyu lissafi ne. Ku ɗauki masunta a Kwalkwalawa, nan kan hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Mutum zai yi wata da watanni yana jefa taru, amma ranar da ya kamo ƙatuwar giwan ruwa ita ce ake ba da labari. Ba wanda ke ƙirga ranakun da ya tashi da 'yan ƙananan tarwaɗa. Haka finafinai suke. Ana yin dubbai, kowanne da bala'in da ya ƙago. The X-Files kaɗai ya kai kashi 218. Idan zato ya yi yawa haka, dole wani ya dace da abin da zai faru. Mu kuma sai mu riƙe wanda ya dace, mu manta da sauran.

Na uku, ƙwaƙwalwa tana son kamanni, tana tsallake bambanci. A fim jirgi ɗaya ne, ba maharin da ke ciki, kuma bai bugi benen ba. A zahiri jirage 4 ne da mahara 19.

Kada a ɗauka ana cewa hukumomi da kamfanoni ba sa ɓoye ɓarna. Suna yi mana. Daga 1932 zuwa 1972, a garin Tuskegee, hukumar lafiyar Amurka ta bar baƙaƙen fata kusan 400 masu ciwon tunjere ba magani, don ta ga yadda cutar ke cin jiki. Wani ma'aikacinta, Peter Buxtun, shi ya kai wa 'yan jarida labarin. Mu ma nan gida muna da namu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta. Jaridar Washington Post ta bankaɗo batun a 2000, aka shiga kotu, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

Ku lura da yadda waɗannan suka fito: takardu, shaidu masu suna, 'yan jarida, kotu. Wani masanin fiziks, David Grimes, ya yi nazari a 2016 inda ya nuna cewa yawan masu riƙe da sirri shi ke gaggauta tonuwarsa. Bahaushe ma ya san maganar da ta shiga kunne da yawa ba ta kwana a ɗaki.

Rashin bambance zargi mai hujja da marar hujja yana da tsada. A 2003, ciwon Trovan bai warke a zukata ba, aka yaɗa cewa rigakafin shan inna yana hana haihuwa. Kano ta dakatar da shi har Yulin 2004. Cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara suka shanye. Sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga ƙwayar shan inna ta daji.

Don haka idan an turo muku irin wannan bidiyo, ku tambayi kanku: wa ya faɗa, ina takardarsa? Mutum nawa ne za su yi shiru kafin sirrin ya ɓoyu? Hasashe nawa aka yi da bai faru ba? Zargi kan zama mafarin bincike, amma dacewar fim da tarihi ba ta kai hujja ba.